Shekarar da Dage Ya Rufe Mana Inji

Rabi, ke da abokan karatunki kun juya tsofaffin littattafan nan kun ce aikin mako guda ne a waya: a zana dabba, a sa abin dariya a ƙarƙashinta, shi ke nan. To, ku gyara zama. Ba zan hana ku ba. Amma bari kakanki ya gaya muku yadda muka yi su, sannan ku je ku yi naku.

Mu gidan 'yan goro ne a Jugu, tun kakanni. Mahaifina ya so in zauna bakin huhu kamar yayyena, ni kuwa duk bangon da aka shafa wa farar ƙasa sai na bi shi da gawayi. Da ya gaji da ba maƙwabta haƙuri, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey, ya sa ni a kamiyon doya, babbar motar kaya, ya kai ni Faraku wurin Mushe Tijjani, wato Malam Tijjani a bakin masu Faransanci.

Ya ce masa, "Ga Garba nan. Ba ya jin magana, amma in ya zana akuya sai ka rantse za ta yi kuka."

Mushe ya dube ni ya ce, "Akuya kowa ya san ta. Ka taɓa ganin dabgi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To, ɗauki tsintsiya."

Mushe tsohon malamin lekol ne, wato makarantar boko, dogo, siriri, kuma duk zaman da muka yi ban taɓa ganin haƙoransa don dariya ba. Ya bar koyarwa ya buɗe shagon buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa. Abin da ke ciyar da mu katin biki ne, da takardun jarrabawa, da sanarwar rasuwa. Abin da ya buɗe shagon dominsa kuwa ƙananan littattafan nan ne. Kowane littafi dabba ɗaya, shafin hagu Faransanci, na dama Hausa, a bango kuma sunan dabbar da Dandanci da Barganci da Fillanci. Ba ya yin zaki, ba ya yin giwa. Cewa yake zaki yana da maroƙa da yawa. Nasa su ne dabgi da ɗankunya da rema da inyawara da bodari, waɗanda yaro zai girma a gefen raminsu bai taɓa sanin kamanninsu ba.

Aikin farko da ya bari na taɓa shi ne inyawara. Ba a kan farar takarda muke zane ba, a kan sitansil ne, wata takarda mai kaki a jiki. Ka shimfiɗa ta a kan faranti mai kaushi, ka bi ta da alƙalamin ƙarfe. Inda ka kankare kakin, nan tawada za ta bi. Ba ka ganin abin da ka zana sai ka ɗaga takardar wajen hasken taga. Inyawara kuwa duk jikinta ɗigo-ɗigo ne, wutsiyarta zobe-zobe, kuma kowane ɗigo rami ne a sitansil. In ramukan suka matsi juna, da an juya inji sai takardar ta yage, inyawara ta fito baƙa ƙirin kamar an tsamo ta daga marina. Akwai wani jan ruwa mai hawa kai da ake toshe kuskure da shi. Mushe a aljihun rigarsa yake ajiye kwalbar, saboda haka ba ka da kuskuren da za ka gyara bai sani ba.

Rubutun kuma da tafireta ta Faransa ake yi, wadda ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Mushe ya buga, ni in bi da allura ina sa wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya ƙugiya ta tsere mana a littafin dabgi. Muna nufin in yana tono yana tada ƙura, sai ya fito yana tada kura. Wani malami ya taho tun daga Bariyenu ya tambayi dalilin da zai sa dabgi ya tashi kura tana barcinta, don yaransa sun tambaye shi ya rasa amsa.

Injin da hannu ake juya shi. Da zafi kakin ya yi laushi, zane ya cuɗe. Da damina takarda ta sha sanyi ta riƙa shiga biyu-biyu, sai an shanya ta a kan tabarma. Mu ninke da ƙashin saniya da wani mahauci ya goge mana, mu ɗinke da zare saboda ƙarfe tsatsa yake yi, mu yi bango da takardar buhun siminti. Wannan duk aikin hannu ne, kowa ya daure zai iya. Mai wuyar shi ne dokar Mushe: abin dariya sai ya zama gaskiya. In ba a gani ba, ba a bugawa.

Littafin beguwa shi ya nuna mini iyakar dokar nan. Muna da wani maharbi a Seru, kusa da Jugu, ana ce masa Biyo. Biyo ya san daji, ya kuma san ƙari. Ya gaya mana beguwa tana harba ƙayarta kamar kibiya, ta kashe kare daga nesa.

Mushe ya ce, "Ka gani da idonka?"

Biyo ya ce, "Ai kowa ya sani."

"Ban tambayi kowa ba."

Biyo ya kama mana ita da rai, ya sa ta a ganga. Aka sake ta a wani shinge bayan gidansa. Mushe ya tsaya can nesa, ya kare ƙirjinsa da marfin tukunya, ya ce a zungure ta. Aka zungure ta. Ta miƙar da ƙayoyinta, ta kaɗa wutsiya tana ƙara kamar ƙaraurawa, ta buga ƙafa. Ba ta harba komai ba. Juyawa kawai ta yi, ta taho da baya a guje, ta sami Mushe a ƙwauri, inda babu marfin tukunya.

Biyo yana zare masa ƙayoyin, shi kuma yana kallon sama, ya ce, "Garba, rubuta. Beguwa ba ta harbi. Da kanta take kawo maka har inda kake."

Haka muka buga shi, ba mu canja ko kalma ba.

Kafin a buga komai sai an kai wa masu shi. Mushe yakan tsaya a gindin mangwaron wata lekol lokacin shan iska, ya karanta wa yara da fuskar mai ta'aziyya. Yara ba su da kara. Babba in ka ba shi labari mara daɗi zai murmusa don girmanka, yaro kuwa juyawa zai yi ya nufi mai ƙosai. Duk jimlar da aka tafi wajen ƙosai a kanta, mu soke ta. Waɗanda suka tsira su ne irin su: "Rema, masana sun ce dangin giwa ce, amma giwa ba ta taɓa kai mata ziyara ba." Ko na dabgi: "Ya gina gida ya bar shi, mugun dawa ya tare a ciki da iyalinsa, bai ce an gode ba." Ko na ɗankunya: "Ba shi da haƙori ko ɗaya, don haka bai taɓa ciwon haƙori ba." Jimla ɗaya irin wannan takan ci mana kwanaki.

Direktocin lekol suna saye, amma babbar mai sayar mana Gwaggo Azumi ce, ƙanwar mahaifina, a kasuwar Jugu. Ta jera su kusa da farantin goronta. Ba ta karatu, amma ta haddace su duka a bakin yara. In mutum ya tsaya sayen goro ta ce, "Ɗauki ɗankunya ka kai wa 'yarka, ya fi surukinka kunya." Ba kowa ke godiya ba. Wani mai naman daji ya taɓa dawo da nasa ya ce tun da 'yarsa ta karanta, duk ɗankunyan da ya kawo gida sai ta kwance shi.

Muna cikin haka aka canja wa ƙasa suna ta koma Benin, kowa ya zama kamarad, wato ɗan'uwa a tafiyar juyin juya hali. A ranin da ya gabata mun fitar da littafin dage. Wanda bai san dage ba, wata gajeriyar dabba ce mai faɗin baya, ƙasanta baƙi, samanta fari-fari tun daga ka har wutsiya, kamar an yafa mata mayafi. Ba ta tsoron kowa. Littafin ya yi kasuwa fiye da duk waɗanda muka taɓa yi.

Sai aka kawo wani sabon babba ɗaya daga cikin ofisoshin Jugu, mutumin kudu, daga bakin teku. Gajere ne, kakkaura, baƙi, furfura a tsakiyar kansa kaɗai, ta gangara har ƙeya. Makonsa na farko ya shiga kasuwa da kansa yana ture rumfunan da suka ci hanya, ba ya sauraron kowa. Ba wanda ya koya wa yara komai. Kafin kasuwa ta zagayo, duk garin Dage ake ce masa. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma duk inda motarsa ta wuce sai yara su toshe hanci. Ya tambayi direbansa dalili, direban kuma mutum ne mai gaskiya.

Jandarma suka kwashe littattafan Gwaggo, har da na rema da ba ta yi wa kowa komai ba. Kamarad, wato sabon babban, ya yi magana da takwaransa na Faraku, aka zo shago aka ɗauki inji da tafireta da sitansil duka, aka loda a mota sai Jugu. Aka ce mu biyo baya.

Mun same shi a ofis, littafin yana kan tebur. Da Faransanci aka yi maganar.

Ya ce, "Wa ya ba ku izinin zana ni?"

Mushe ya ce, "Kamarad, dabba ce."

"Ni ne dabbar?"

"A'a, ita ce. Ta riga ka zuwa ƙasar nan, littafin ma ya riga ka."

Kamarad ya ce shi bai taɓa jin wata dabba mai wannan kama ba, ƙirƙira muka yi don mu zubar da mutuncin hukuma. In akwai ta, mu kawo ta ya gani.

Muka tafi Seru wurin Biyo. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Da rai?"

Mushe ya ce in da hali.

Biyo ya ce, "Mushe, beguwa na kama maka don ina ganin girmanka. Dage kuwa ina da mata da 'ya'ya." Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar fatar dage da ya gada wurin ubansa, ya ce a dawo masa da ita.

Kamarad ya shimfiɗa fatar a kan tebur. Ya shafa farin bayan, ya ja ta, ya gwada ta da tsinin wuƙar buɗe ambulan ba ta shiga ba. Sannan ya tura wa Mushe littafin ya ce ya karanta masa tun daga farko.

Mushe ya miƙe kamar yana gindin mangwaro. Ya fara da kirarin da Hausawa ke yi wa dabbar, dage na Halima, kyawun faɗa a kwana ana yi, ya fassara masa. Ya karanta cewa fatarsa ta yi masa yawa, in kare ya cafke shi a wuya sai ya juya a cikin rigarsa ya cafki karen. Ya karanta cewa in ya fasa amya, ƙudan zuma suna harbinsa yana cin abincinsa, kowa yana aikinsa. Ya karanta cewa maciji a wurinsa abin taɓawa ne kafin tuwo. Ina kallon Kamarad, na ga ya jingina da kujera. Da aka zo inda aka ce manyan namun daji in sun gan shi sukan tuna suna da wani uzuri a wani wuri, sai ya shafa furfurarsa ya ce, "Ci gaba."

Mushe ya juya shafi. "In aka matsa masa, yana da wata 'yar jaka a ƙarƙashin wutsiya. Wanda ya shaƙi abin da ke ciki ba ya neman ƙarin bayani."

Kamarad ya ɗaga hannu. Ya ce littafin ba shi da laifi, har ma yana koya wa yara jaruntaka. A cire wannan shafin kawai. In an cire, yau za a mayar mana da inji, kuma shi da kansa zai sa kowace lekol da ke ƙarƙashinsa ta saya.

Mushe ya ce, "Jakar tana nan, Kamarad. Ga gurbinta a fatar."

"Daga littafi na ce a cire, ban ce daga dabba ba."

"In yaro ya gamu da shi a daji, littafi ya ce babu, dabba ta ce akwai, da wa zai yarda gobe?"

Na sa ƙafa a hankali na taka ta Mushe ta ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Garba, ka taka ni."

Kamarad ya naɗe fatar ya miƙo mana, ya ce inji zai zauna har Mushe ya yi tunani.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Shago ba inji ɗaki ne kawai. Masu katin biki suka koma wani shagon, masu jarrabawa suka bi su. Ni na sayi fenti na shiga zana allunan masu aski da teloli, da bayan kamiyo a tasha. A nan na koyi zana zaki, don direbobi ba sa son rema. Mushe ya tara 'ya'yan maƙwabta a zaure yana koya musu lissafi, iyayensu suna aiko da doya ko dawa. Matarsa ta fara suyar wainar sayarwa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Gwaggo Azumi kowace Juma'a sai ta ƙulle goro ta kai ofis. Ana karɓar goron. Da ta gaji ta hau mota ta zo Faraku ta sami Mushe a zaure.

Ta ce, "Tijjani, shafi ɗaya ne fa. Ka bar iyalinka da yunwa don kare wari?"

Ya ce, "Azumi, ba nawa ba ne balle in bayar."

Ta ce, "To, na wane ne?"

Ya ce, "Na dage."

Ta tashi ta gyara mayafinta ta ce Allah ya haɗa ta da mahaukata biyu, ɗaya a ofis ɗaya a zaure, kuma na ofis ya fi sauƙin magana.

Da ruwa ya yi nisa tari ya kama Mushe. Ya sha magani na asibiti da na gida, bai sake shi ba. Duk da haka yana kwance yana ba ni aikin littafin bodari, yana cewa in je wurin Biyo in tabbatar ko layukan bayansa sun kai wutsiya. Ya rasu ana cikin girbin dawa. Sanarwar rasuwarsa a shagon wani aka buga ta, kuma sun rubuta sunansa ba daidai ba.

Bayan 'yan watanni aka ɗauke Kamarad daga Jugu. Wanda ya gaje shi ya tarar da wani ƙarfe a sito yana tare masa wuri, ya aiko a zo a kwashe. Rufin siton yana yoyo. Injin ya yi tsatsa, robar ciki ta ƙandare, ɓeraye sun haihu a inda takarda ke shiga, sitansil kuwa sun cinye su tas. Ni da wani mai gyaran keke muka kwance shi gaba ɗaya, muka jiƙa shi a kananzir, muka yanka robar tayar mota muka maye gurbin ta da. Ya tashi, amma har ya mutu yana barin wani siririn baƙin layi a gefen kowane shafi. Ku duba waɗanda ke hannunku, duk mai layin nan bayan Mushe aka yi shi. Na sake zana dage daga farko, har da shafin jakar. Na ci gaba da shagon ina raba abin da aka samu da iyalinsa har 'ya'yansa suka kama aiki.

An yi shekaru. Wata rana da hantsi wani kamiyon auduga ya tsaya a ƙofar shago, wani gajeren dattijo ya sauko. Ban gane shi ba sai da na ga goshin motar. An rubuta DAGE da manyan haruffa. Ya bar aikin hukuma, ya shiga sufuri, kuma ya gaya mini ko a garinsu yanzu ba wanda ya san shi da wani suna. An ce masa ni ke zana bayan motoci. Yana son a zana masa dabbar a ƙofar baya.

Na ɗauko fenti na zana. Shi yana zaune a inuwa a kan benci har na gama. Sannan ya taso ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ƙafafun sun yi gajarta."

Na ce, "Haka suke."

"Ƙara musu kaɗan. Motata ce."

Na ce, "Motarka ce, amma ba zan ƙara ba."

Ya dube ni, ya leƙa cikin shago, ya ga injin a kan tebur. Ya ce, "Ina dogon nan, maigidanka?"

Na gaya masa. Na gaya masa da lokacin.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya tsaya haka a rana har direbansa ya gaji ya kashe mota. Daga baya ya mayar da hular, ya kama ƙofa zai hau, ya ce, "Bar ƙafafun yadda suke."